Tambaya da Amsa: Ruwan Dam, Kasuwar Wuta da Cinikin Ƙetaren Iyaka

Tun da aka fara maganar jihohi za su kafa kasuwannin wutarsu, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili sun karkata kan lantarki. Mun ɗauko biyar daga karkarar Kano da Jigawa, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Assalamu alaikum. Ina yawan ji a rediyo ana cewa za a kafa kasuwar wuta mai gasa. Ni dai a sanina, kasuwa ita ce in wannan ya tsawwala maka sai ka matsa rumfar gaba. To mu da waya ɗaya ce ta shigo garinmu, ina rumfar gaban take? (Malamin firamare, daga Rano)

Wa alaikumus salam, Malam. Ka taɓo inda gizo ke saƙar. Kafin wuta ta iso ɗakinka tana bi ta hannu uku: mai samar da ita a tasha, mai dakonta a kan manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330 da 132, sai mai rarraba ta a kan layukan 33 da 11 har taransifomar unguwa ta sauko da ita. Waya ba a gasa a kanta, don ba wanda zai kafa falwaya biyu a lungu ɗaya. Ɗauke ta kamar titin Kano zuwa Haɗeja: titi ɗaya ne, amma motar kowa tana bi, hukuma ce ke yanke kuɗin hanya. Gasar tana tsakanin masu kayan da ke cikin motocin, wato tashoshi, da kuma manyan masu saye.

A zamanin NEPA hannu ɗaya ne ke riƙe da duka ukun. Dokar gyaran lantarki ta 2005 ta raba ta gida 18: kamfanonin samarwa 6, na rarrabawa 11, da na dako guda ɗaya, TCN, wanda ya zauna a hannun gwamnati. A watan Nuwamban 2013 aka miƙa yawancin na rarrabawa ga 'yan kasuwa, KEDCO ya ɗauki Kano da Katsina da Jigawa. Hukumar NERC ita ce sarkin kasuwa, ita ke ba da lasisi da yanke farashi. Aka kuma kafa NBET a 2010 ya zama babban dillali, ya sayi wuta daga tashoshi ya sayar wa masu rarrabawa.

Matsalar kasuwa mai dillali ɗaya ita ce, duk giɓin da aka samu a ƙasa kansa yake taruwa. Miliyoyin gidaje ba su da mita, wata wutar tana zubewa a tsofaffin wayoyi, wata ana jan ta ta bayan fage, farashin yawancin jama'a kuma bai kai kuɗin samarwa ba. Abin da ya hau sama bai cika ba, tashoshi suna bin bashi, gwamnati tana alkawarin cikewa. Mai tashar da ba a biya shi na bara ba, ba zai damu da rage farashin bana ba.

Shi ya sa ake gina irin wannan kasuwa hawa-hawa. Ana farawa da mudu: mita a bakin kowace tasha, a kowace mahaɗa tsakanin mai dako da mai rarrabawa, da kan kowane layin 33 da 11, don a san wa ya ba da nawa, wa ya karɓi nawa. Daga nan a bar mai saye da mai sayarwa su ƙulla yarjejeniya kai tsaye, mai saye ya ajiye takardar lamunin banki wadda za a taɓa in ya saɓa biya. Sannan a raba mai ba da umarnin wace tasha za ta kunna da mai mallakar waya, abin da ya sa aka cire NISO, hukumar da ke ba da wannan umarni, daga jikin TCN. Sai an yi waɗannan ake zuwa cinikin gobe, inda kowace tasha ke faɗin yau adadin da za ta bayar a kowace sa'a ta gobe da farashinta, a jera su daga mai araha zuwa mai tsada, a ɗauka har buƙata ta cika. Tashar dam ba ta sayen mai, don haka kusan kullum tana sahun farko. Ƙasashen kudancin Afirka sun haɗa kasuwarsu a 1995, amma sai a 2009 suka buɗe cinikin gobe. A ganinmu, duk jihar da ta fara da hawa na ƙarshe ba ta gyara mudu da biya ba, bashin da ke Abuja kawai za ta ɗauko ta kawo gida.

Ƙofar da jihohi suka samu ta fito ne daga gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yunin 2023. Inugu da Ondo da Ekiti da Legas suna cikin waɗanda suka fara karɓar ragamar kasuwarsu. Wutar da ta tsallake iyakar jiha ko ta ƙasa kuwa tana nan ƙarƙashin NERC.

Mu da ruwan Tiga muke noman rani, shinkafa da tumatir da alkama. An ce an sa injin wuta a dam ɗin. Shin injin nan ba zai shanye mana ruwa ba? (Manomi, daga Kadawa)

Baba, kwantar da hankalinka ta wannan fuskar: injin ba ya shan ko ɗigo. Ruwa yana gangarowa ta ƙaton bututu, ya bugi farfela, farfela ta juya janareta, ruwan ya fita ta ƙasa yadda ya shigo. Amma tsoronka yana da tushe ta wata fuskar, kuma ita ce ya kamata ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su sa wa ido: yaushe za a saki ruwan, nawa, kuma ta wace ƙofa.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Ka ɗauki yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin kubik mita, ka ninka da tsayin faɗuwarsa da mita, ka sake ninkawa da 8. Abin da ya fito shi ne kilowat, kusan-kusan. Misali kubik mita 20 a daƙiƙa, faɗuwar mita 25, zai ba da kilowat 4,000, wato megawat 4. Ka lura da abu biyu a nan. Mai injin yana son ruwa mai yawa ya wuce, kuma yana son tafkin ya zauna a cike, don da zarar ruwa ya ja baya tsayin faɗuwa ya ragu, wuta ta ragu. Wajen watan Afrilu da Mayu, lokacin da tafki ya yi ƙasa kuma zafi ya sa kowa na neman wuta, a lokacin ne injin ya fi rauni.

Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da Challawa na Ƙaraye da aka gama a 1992, don noma da ruwan sha aka gina su. Tashar megawat 10 da gwamnatin Kano ta yi a Tiga baƙuwa ce a gidan. Kai buƙatarka ruwa ya biyo babban kanal ta Ruwan Kanya daidai wa daida, daga shuka har girbi. Kasuwar wuta kuwa ta fi biya da magariba zuwa goman dare. In aka bar farashi kaɗai ya yi hukunci, mai tasha zai so ya riƙe ruwa da rana ya sake shi da ƙarfi da daddare, ko ya fi sakinsa ta ƙofar kogi maimakon ta kanal. Ruwan da ya bi kogi ya wuce gonarka ke nan.

Kuma ba Kadawa da Kura kaɗai ba. Ruwan nan shi ke zuwa matatar Tamburawa, ya wuce Wudil da Ringim, ya kai aikin noman rani na Auyo, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da dam-dam suka mayar da kogin mai gudu rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki suka koma tafki a wani gefe, wani gefen ya bushe. Sakin ruwa ba tsari saboda wuta zai iya ƙara wannan ciwo.

Maganin a rubuce yake zama, tun kafin a sa hannu kan cinikin wuta. A jera wa ya fi haƙƙi: ruwan sha, sai noma da rabon mutanen ƙasan kogi, sai wuta ta bi bayansu. A sa iyakar da in tafki ya sauka gare ta injin zai tsaya. A fitar da jadawalin sakin ruwa na wata-wata tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a manna shi inda manoma za su gani. A kuma biya mai tasha bisa wutar da ruwan jadawalin zai iya bayarwa. In aka yi masa alkawarin megawat 10 dare da rana shekara zagaye, wato yunit miliyan 87.6, alhali ruwan ba zai kai haka ba, to ko dai a matse manomi ko a biya kuɗin wutar da ba a samu ba.

Wani abu da ke hannunku: noma har bakin tafki da sare itatuwan gefen rafuka suna tura laka da rairayi cikin dam. Laka tana cinye wurin ajiyar ruwa, rairayi yana cin bakin farfela kamar yadda dutsen wasa ke cin lauje.

In wutar dam ta fi araha, me ya hana a yi ta gina dam-dam? (Ɗalibar kwalejin kimiyya, daga Kazaure)

'Yata, arahar tana zuwa ne bayan an gama biyan bashi. Kainji mai megawat 760 tun 1968 yake aiki, Jebba ya biyo a 1985, Shiroro mai 600 a 1990. Waɗannan sun daɗe da mayar da kuɗin gininsu. Sabo kuwa duk tsadarsa a gaba take. Zungeru mai megawat 700 ya ci wajen dala biliyan 1.3, yawanci rance daga Sin, an fara shi a 2013 aka gama bayan shekara goma. A duk shekarun gini ba yunit ɗaya da ake sayarwa, ruwan bashi kuma yana hawa. Ga diyyar garuruwan da za a tasa, ga layin da zai kwaso wutar. Mambila mai megawat 3,050 a Taraba har yau yana kan takarda, taƙaddamar kwangilarsa ta kai gaban kotun sasanci a Paris.

Banki ba ya ba da irin wannan kuɗi sai ya ga yarjejeniyar sayen wuta ta shekara 20 ko fiye, da mai sayen da aka san yana biya. Nan ne gasa ke da iyaka: cinikin gobe kaɗai ba ya gina dam. Abin da ke aiki shi ne a yi gasar tun wajen ba da aikin, a buɗe tayi a fili, wanda ya kawo farashin yunit mafi sauƙi da shaidar iya aiki ya samu dogon kwantiragi. Sai kuma bashin da dala ake biya, kuɗin wuta da naira ake karɓa. Duk faɗuwar naira tana buɗe giɓi, kuma wannan na cikin dalilan da masu dam ke son abokin ciniki na waje.

Ranka ya daɗe, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: muna nan bakin iyaka wuta ba ta ishe mu ba, amma an ce ana sayar wa Nijar da Benin. Ba sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa ba? (Ɗan kasuwar dabbobi, daga Maigatari)

Alhaji, magana ce da mutane da yawa ke yi, kuma ta cancanci amsa dalla-dalla. E, ana sayarwa. Akwai layin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai tun shekarun 1970, akwai wani daga Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram, akwai kuma na 330 daga Legas zuwa Sakete a Benin wanda Togo ma ke sha. Yawan ba shi da girma kamar yadda ake zato. A watan Mayun 2024 NERC ta ba da umarnin wucin gadi cewa abin da ke fita waje kada ya wuce kashi 6 cikin 100 na wutar da ke kan babban layi. In ƙasa na samar da megawat 4,500, hakan megawat 270 ke nan.

Ko an rufe wannan gobe, ba lallai ya iso Maigatari ba. Tashoshin da aka kafa a ƙasar nan sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, saboda ƙarancin iskar gas, bashi, da wayoyin da ba za su iya ɗauka ba. Wutar Kano da Jigawa yawanci ta layin Kaduna take zuwa tashar Kumbotso. Kowa ya tuna watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji a Inugu zuwa Apir a Binuwai ma ya samu matsala, Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu alhali tashoshi suna nan lafiya lau. Kayan na rumbu, hanya ce ta yanke.

Sai batun ruwa, wanda ya fi komai nauyi. Tafkin Kainji yana cika sau biyu a shekara. Na farko ruwan daminar kusa ne, mai launin laka, injiniyoyi suna ce masa farar ambaliya, yana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu daga duwatsun Gini yake tasowa, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali inda lakarsa ke kwantawa, ya bi ta Nijar, ya iso mana cikin hunturu a tace, shi ne baƙar ambaliya. Da shi Kainji da Jebba ke aiki da rani. Jami'an Najeriya sun sha bayyana cewa ba wa maƙwabta wuta na cikin fahimtar da ta sa ba su tare kogin daga sama ba. Da aka yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, ƙasar da wajen kashi 70 na wutarta daga nan take zuwa, har zuwa farkon 2024, an nuna mata cewa dogaro da maƙwabci yana da haɗari. Nijar tana gina dam ɗin Kandaji mai megawat 130 a yankin Tilaberi, a saman Kainji. Yadda za a riƙa sakin ruwansa magana ce ta Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe tara, wadda ke da mazauni a Yamai. Ra'ayinmu a nan a fili yake: wutar da aka ƙulla cinikinta kada a mayar da ita sandar siyasa, don mai saye da aka taɓa kashe wa fitila zai nemi tasa hanyar, kuma tasa hanyar a kan ruwanmu take.

Kai da ke ciniki ranar Alhamis da mutanen ƙetare ka san sharuɗɗan: a san ma'auni, a san dillalin da kowa ya yarda da shi, a san inda za a kai ƙara. Haka ECOWAS ta tsara. Ta kafa WAPP a 1999 don haɗa layukan ƙasashe 14, da hedikwata a Kwatano, da hukumar sa ido ERERA a Akra. An buɗe zangon farko na kasuwar a 2018, cibiyar kula da zirga-zirgar wuta da ke kusa da Kwatano kuma a 2023. Ana gina layin 330 mai tsawon wajen kilomita 900 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa arewacin Benin.

Abubuwan da ke ɓata irin wannan ciniki sanannu ne. Wutar kowace ƙasa dole ta riƙa bugawa sau 50 a daƙiƙa, in tamu tana tangal-tangal, maƙwabci ba zai yarda ya haɗe layinsa gaba ɗaya da namu ba, don durƙushewarmu za ta ja shi. Dole a sa mita biyu a bakin iyaka, ta asali da ta tantancewa. Dole a yanke kuɗin hanya ga ƙasar da wuta ta ratsa kawai. Bashi kuma ya sha taruwa a kan kamfanonin maƙwabta, abin da lamunin banki da biya kafin kaya ke magancewa. Inda aka tsara da kyau yana tafiya: dam ɗin Manantali mai megawat 200 a Mali, ƙasashe uku ne ke raba wutarsa, Mali da Senegal da Murtaniya, bisa kason da aka rubuta tun farko. Habasha ma tana sayar wa Kenya ta layin da ya haura kilomita 1,000.

Ina da injin casar shinkafa, dizal na cinye ribata. Zan iya sayen wuta kai tsaye daga dam? (Mai injin casa, daga Haɗeja)

Doka ta buɗe wannan ƙofa tun 2017 ga manyan masu shan wuta, a lokacin ma'aunin wajen megawat 2 ne, daga baya NERC ta sake duba ƙa'idojin. Injin casa guda, ko da na ɗaruruwan kilowat ne, bai kai nan ba. Hanyar da ta fi kusa da kai, Alhaji, ita ce haɗin gwiwa.

Fara da sanin abin da kake kashewa. Lita ɗaya ta dizal a janareta mai lafiya tana ba da yunit 3 zuwa 3 da rabi. Raba kuɗin lita gida uku, ka ƙara na bakin mai da gyara, ka samu farashin yunit ɗinka na gaskiya. Ka gwada shi da na layin rukunin A, mai alkawarin sa'a 20 a rana, wanda aka kai naira 225 a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta. Sannan ku masu injina da ke kusa da juna ku sa a ɗaura muku na'urar auna lodi na aƙalla wata guda, cikin kaka lokacin da aiki ya fi yawa, a ga ƙololuwar jan ku da sa'o'in da kuke aiki. Ku yi rajistar ƙungiya mai asusun banki ɗaya. Da wannan takardar a hannu za ku iya zama da kamfanin rarrabawa kan layin 33 na musamman da mita a bakinsa, ko da mai ƙaramar tasha. Ƙa'idar NERC ta 2023 kan ƙananan tashoshin unguwa ta ba da izini har megawat 1, ƙasa da kilowat 100 kuwa rajista ta wadatar.

A wurare kamar Haɗeja ƙasa shimfiɗe take, faɗuwar ruwa kaɗan ce. Gangaren kanal na mita 3 da kubik mita 2 a daƙiƙa bai wuce kilowat 48 ba, kuma ranar da aka rufe kanal don yasa ya tsaya. Don haka hasken rana da rana, layin gwamnati da dare, janareta a ajiye don ko-ta-kwana, shi ya fi dacewa da ku. A cikin yarjejeniyar ku tabbata an rubuta sa'o'in wuta a rana, iyakar hawa da saukar ƙarfinta, ragin da za a yi muku in an gaza, da wanda zai gyara taransifoma in ta ƙone da cikin kwana nawa. Ku kuma sa wa manyan motocin injin na'urar tashi a hankali, don mota tana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarta a lokacin tashi, kuma in uku suka tashi tare suna iya kayar da ƙaramar tasha.